Dillali marar fuska: barin banki da nauyin amana

Tun bayan rikicin kuɗin da ya girgiza duniya a shekarar 2008, wani irin labari ya yawaita a jaridun Amurka da na Turai, har ya zama tamkar tatsuniyar da kowa ya san mafarinta. Ga mutum mai ilimi yana aiki a babban banki, da albashi mai tsoka da ofis a saman bene. Rana ɗaya sai ya ajiye aikin, ya haɗa kai da abokinsa, su kama ɗan ɗaki haya, su kafa kamfanin da zai ba talaka damar saka jari ta yanar gizo, daga wayar salularsa, ba tare da ya taka ƙofar banki ba. Masu ba da labarin kan yabi ƙarfin zuciyarsa, su ce ya saki tabbas ya rungumi kasada. Yabon yana da tushe, domin barin albashi ba ƙaramin abu ba ne a ko'ina. Sai dai yakan lulluɓe wata tambaya da ta fi shi nauyi, wato da dukiyar wa aka yi kasadar. Wanda ya bar banki ya buɗe gidan burodi, in abin bai karɓe shi ba, fulawarsa ce ta ƙone. Wanda kuwa ya buɗe kamfanin saka jari, hajar da ke hannunsa gumin waɗansu ce: ajiyar malamin makaranta, da tanadin tsufan direba, da kuɗin da uwa ta ware don karatun ɗanta. Saboda haka ficewar tasa ta wuce maganar sa'a da rashin sa'a, ta shiga babin amana.

Adalci ya wajabta a fara da cewa da yawa daga cikin masu ficewar suna da hujja. Sallie Krawcheck ta kai matsayin shugabar sashen kuɗi na Citigroup, ɗaya daga manyan bankunan Amurka, daga baya kuma ta riƙe sashen da ke juya dukiyar masu ajiya. A 2008, da waɗansu hanyoyin saka jari da bankin ya tallata a matsayin masu ƙarancin haɗari suka yi mummunar faɗuwa, ta nace sai an mayar wa mutane wani kaso na asararsu. Hakan ya haɗa ta da magabatanta, kuma kafin shekarar ta ƙare ta bar bankin. A 2016 ta buɗe Ellevest, kamfanin saka jari ta intanet wanda ya fuskanci mata. A Ingila, Nick Hungerford ya yi aikin juya dukiyar attajirai, sa'an nan ya kafa Nutmeg a 2011 domin mai ɗan abin hannu ya samu irin hidimar da a da sai mai dukiya ke samu. Vlad Tenev da Baiju Bhatt kuwa sun yi ta ƙera manhajojin ciniki suna sayar wa manyan gidajen kuɗi na New York, a nan ne suka lura cewa gidajen ba su biyan kusan kome a kan kowane ciniki, alhali mutum gama-gari na biyan dalar Amurka 7 zuwa 10 duk sa'ad da ya sayi hannun jari ko ya sayar. A 2013 suka kafa Robinhood, suka ce a wurinsu babu la'ada. Cikin watan Oktoba na 2019, tsofaffin gidajen dillanci irin su Charles Schwab da E*Trade suka ga babu makawa, su ma suka soke tasu la'adar. Ƙofar da ta daɗe a kulle ta buɗe wa miliyoyin mutane, kuma babu mai gaskiyar da zai ƙi kiran wannan alheri.

Domin a gane abin da mai ficewa ya baro a baya, ya kamata a dubi dillanci a siffarsa ta asali, tun da sana'ar ɗaya ce, ko a kasuwar bisashe ko a kasuwar hannun jari: mutum ne ke tsayawa tsakanin mai kuɗi da haja, yana cin abinci da sanin da ɗayan ba shi da shi. A kasuwannin ƙasar Hausa, dillali yana da rumfar da aka sani da gidan da ya fito, kuma la'adarsa sananniya ce, a bainar jama'a ake danƙa masa ita. In ya sayar da saniya mai ciwo da sunan lafiyayya, kafin kasuwa ta sake ci labari ya zaga ƙauyuka. Kunya ce ke ɗaure shi, fuskarsa kuma ita ce jinginar da ya bayar. Haka ma baran da ya yi shekaru yana yi wa ubangidansa fatauci, irin dangantakar da Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 game da alhazan Maraɗi: in lokacin cin gashin kansa ya yi, yakan fita da jari da albarkar maigida, amma ba ya fita daga idon jama'ar da ta san shi.

Banki ya girma ya wuce inda kunya ke iya kaiwa, sai aka maye gurbin fuska da doka: a raba kuɗin masu ajiya da na gida, a rubuta kowane shige da fice, masu bincike daga waje su duba littattafai, hukuma ta ba da lasisi kuma ta iya karɓe abinta. Abin da matashin ma'aikaci ke gani a matsayin jan ƙafa da tarin takardu, galibinsa amana ce aka mayar rubutu, kuma da wuya a sami ƙa'idar da ba a bayan wata asara da ta cinye mutane aka kafa ta ba. Wannan bai mayar da banki waliyyi ba. Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba na 2008 da duk takardunsa, a Nijar kuma dattawa ba su manta da durƙushewar bankin BDRN a 1990 ba. Amma igiya igiya ce, ko da ta taɓa tsinkewa. Shi mai kafa kamfani a yanar gizo yakan wayi gari a tsakanin biyun: ba shi da fuskar dillalin kasuwa, domin dubban masu hulɗa da shi ba su taɓa ganinsa ba, kuma a shekarunsa na fari, ko da yana da lasisi, idon hukuma bai cika kai wa gare shi ba, domin sabon abu yakan riga mai tsara doka gudu. A wannan tsakanin, babu mai ɗaure shi sai shi kansa, kuma a nan ne ake gane ko wane ne shi.

Labarin Robinhood ya nuna inda ƙullin ke fara kwancewa. In dillali ya ce ba ya karɓar la'ada, mai hankali zai tambaya da me yake cin tuwo. Amsar ita ce, kamfanin kan tura odar masu saye da sayarwa zuwa ga waɗansu manyan ƴan kasuwa masu cika cinikin, su kuma su biya shi lada a kan abin da ya kawo musu. Dokar Amurka ba ta hana wannan ba, amma ta wajabta a bayyana shi, a kuma nema wa mai oda farashi mafi kyau. A watan Disamba na 2020, hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta ce daga 2015 zuwa ƙarshen 2018 kamfanin ya ɓoye wa mutane cewa wannan ce babbar hanyar samun kuɗinsa, kuma farashin da ya samo musu ya jawo musu asarar dalar Amurka miliyan 34, ko bayan an cire la'adar da ba su biya ba. Kamfanin ya biya tarar miliyan 65, bai amsa laifi ba, bai kuma musanta ba. Ashe la'adar ba ta ɓace ba. Tafin hannu ta bari, ta koma cikin farashi, inda ido ba ya ganinta.

Akwai abin da ya fi tarar tayar da hankali. Dillalin da ake biya a kan kowane motsi, ribarsa tana cikin yawan motsin, alhali amfanin mai ƙaramin jari galibi yana cikin haƙuri. Tun a shekarar 2000, Brad Barber da Terrance Odean na jami'ar Kaliforniya sun bi diddigin asusun gidaje fiye da dubu 66 tsakanin 1991 da 1996, suka tarar cewa waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11,4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da kashi 17,9. Wanda ya yi aiki a gidan kuɗi bai rasa sanin wannan ba. Duk da haka, har zuwa 2021 manhajar Robinhood kan zubo ƴan takardu masu launi a fuskar waya, kamar na ranar biki, in mutum ya yi cinikinsa na farko. A watan Yuni na 2020 wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya kashe kansa bayan manhajar ta nuna masa kamar ana bin sa bashin dalar Amurka dubu 730, alhali lissafin cinikin nasa bai kammala ba. Ya nemi mai yi masa bayani, bai samu ba sai saƙon na'ura. Bayan shekara guda, FINRA, ƙungiyar da ke tsawata wa dillalan Amurka, ta ɗora wa kamfanin kusan miliyan 70, tara da diyya. Kamfanin ya yi gyara daga baya, ya cire takardun bikin, ya sa mutane masu amsa waya dare da rana. Amma dillalin kasuwar bisashe, duk rashin kirkinsa, tun asali ana iya tarar da shi a rumfarsa a tambaye shi.

Wani zai ce maganin duk wannan shi ne kyakkyawar niyya, wato in mai kafa kamfanin mutumin kirki ne to an huta. Sam Bankman-Fried ya bar gidan ciniki na Jane Street a 2017, ya kafa nasa mai suna Alameda Research, a 2019 kuma ya buɗe FTX, kasuwar kuɗin intanet da ake kira kirifto. Ya sha faɗin cewa yana neman dukiya ne domin ya bayar da ita ga ayyukan alheri, kuma mutane da yawa sun gaskata shi. A farkon 2022 an ƙiyasta darajar FTX a kan dalar Amurka miliyar 32, wato miliyan dubu 32. Ran 11 ga watan Nuwamba na wannan shekarar kamfanin ya durƙushe, aka tarar kimanin miliyar 8 na kuɗin masu ajiya sun zurare zuwa Alameda da waɗansu hidimomi. John Ray, wanda aka ba aikin tattara abin da ya saura, kuma shi ne ya yi irin wannan aiki bayan rushewar Enron, ya shaida wa kotu cewa bai taɓa ganin rashin tsari irin wannan ba, har da yawa daga cikin rassan kamfanin ba su taɓa yin taron majalisar gudanarwa ba. A watan Maris na 2024 aka yanke wa Bankman-Fried ɗaurin shekara 25. Sai a 2025 aka fara mayar wa mutane kuɗinsu. Niyya tsakanin mutum da Mahaliccinsa take, mai ajiya ba shi da hanyar ganinta. Kuma wanda ya ɗauki kansa mai ceton jama'a ya fi kowa saurin yafe wa kansa, domin duk ƙa'idar da ya taka yakan ce saboda babban buri ne. Ƙa'idar da ya taka kuwa ita ce mafi tsufa a cikin sana'ar, wadda kowace uwar adashe ta sani: kuɗin zubi ba nata ba ne, ko da a ɗakinta suke kwana.

Suna ma, kome kyansa, ba ya tsare amana. Robinhood ya aro sunansa daga gwarzon almarar Ingila mai ƙwace wa attajirai yana ba talakawa. Wahed Invest, kamfanin New York da ke tallata saka jari ta intanet bisa ƙa'idar shari'ar Musulunci, ya biya tarar dalar Amurka dubu 300 a watan Fabrairu na 2022, bayan SEC ta ce ya zuba kuɗin mutane a wani asusu nasa ba tare da ya bayyana musu cikakken amfanin da yake da shi a ciki ba, kuma ba shi da rubutaccen tsari na tabbatar da bin shari'ar da yake tallatawa. Alhali malaman fiƙihu sun daɗe da auna wannan mas'ala a babin mudaraba, wadda Malikawa ke kira ƙiradi: mai jari ya ba da kuɗi, mai juyawa ya ba da ƙarfinsa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, in an faɗi, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi, sa'an nan biya ya hau kansa. Hikimar da ke ciki a fili take: mai juyawa ba ya ci sai mai jari ya ci. Da wannan ma'auni ake iya auna kowace manhaja, ta Musulmi ko ta wanda ba Musulmi ba.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ya cancanci amsa. Masu saka jarin nan baligai ne, babu wanda ya tilasta musu. Hana su yin kasada da kuɗinsu raini ne, irin rainin da tsofaffin bankuna suka daɗe suna yi wa talaka, wanda kuma shi ne dalilin ficewar tun farko. Ƙorafin gaskiya ne, kuma shi ya sa kulle ƙofar ba zai zama magani ba. Sai dai zaɓi yana zama na mutum ne gwargwadon abin da ya sani, kuma a wannan ciniki sanin ba daidai yake ba. Wanda ya yi shekaru a banki ya san inda riba ke ɓuya, ya san irin cinikin da ke cinye sabon shiga, ya san yadda launi da ƙararrawar waya ke motsa zuciya. Da wannan sanin ya fita, kuma shi ne ainihin jarinsa, ya fi kuɗin da ya tara. Ba zai yiwu ya yi amfani da shi wajen tsara manhajar ba, sa'an nan ranar asara ya ce kowa ya san abin da ya shiga. Makahon da ya faɗa rijiya tsautsayi ne ya same shi. Mai idon da ya ja masa gora zuwa bakinta kuwa, akwai abin da za a tambaye shi.

Hanyar da ta fi tsabta tana nan, sai dai tana da tsawo da tsada. Nutmeg, da Betterment wanda Jon Stein ya kafa a 2008, sun zaɓi karɓar ɗan ƙaramin kaso na dukiyar da suke juyawa a kowace shekara, ta yadda samunsu ke ƙaruwa in dukiyar mai ajiya ta ƙaru, ya ragu in ta ragu. Amma Nutmeg ya yi shekaru yana faɗuwa, har a 2021 JPMorgan Chase, banki mafi girma a Amurka, ya saye shi. Ellevest kuma ya miƙa ƙananan asusunsa na intanet ga Betterment a 2025. Wannan ya fito da wata gaskiya da labarin jarumta ke tsallakewa: mai ficewa bai rabu da ubangida ba, sauya shi ya yi. Masu zuba kuɗi a sabon kamfani suna jiran ribarsu ta ninka cikin ƴan shekaru, mai ajiya kuma yana bukatar a tafi da shi sannu. Ranar da bukatun biyu suka yi karo, wadda kuma ba ta rasa zuwa, a ranar ce ake sanin dalilin da ya sa mutum ya bar banki. Ajiye aiki na rana ɗaya ne, ana kuma tafa masa. Ƙin cin ribar da doka ba ta hana ba amma take cutar da mai ajiya, shi kullum ake yin sa, kuma babu mai gani.

Maganar ta taso daga New York da Landan, amma wayar salula ba ta san iyakar ƙasa ba. Ƙasashe 8 na UEMOA, har da Nijar, suna da kasuwar hannun jari guda, BRVM, wadda ta fara aiki a Abijan a 1998, da hukumar sa ido mai suna AMF-UMOA mai ba dillalai lasisi. Kuma babu abin da zai hana matasan da suka ƙware a bankunan Yamai ko Dakar ko Legas su bi sawun takwarorinsu. Za su tarar da jama'ar da ta riga ta ga abin da ya faru a maƙwabta: MMM, mai alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kulle asusun mutane a Najeriya cikin Disamba na 2016, CBEX kuma ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilu na 2025. Waɗannan damfara ce tsagwaronta, ba a haɗa su da kamfanoni masu lasisi; amma a fuskar waya duka kama ɗaya suke, kuma malamin da ya tara ƴan jikkunansa daga albashi ba shi da abin bambancewa sai tambaya. Wace hukuma ce ta ba da lasisin? A ina kuɗin ke kwana, kuma an raba su da na kamfanin? Wa ke biyan dillalin, kuma yana ci ne in mai ajiya ya ci, ko kuwa in ya motsa? In abu ya ɓaci, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Tambayoyin nan, kafin su zama na mai ajiya, na mai kafa kamfanin ne, kuma lokacin amsa su shi ne kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ya bar banki domin ya ga ana cin amana, ya ɗauki alkawarin da ya fi na abokan aikinsa da suka zauna nauyi, tun da su akwai mai tsaron su, shi kuwa sai ya nemo mai tsaron nasa da kansa: ya kira masu bincike tun ba a tilasta masa ba, ya rubuta la'adarsa inda kowa zai karanta, ya ajiye kuɗin mutane inda hannunsa ba ya kaiwa. In ya yi haka, ya mayar wa sana'ar fuskar da na'ura ta ɗauke mata. In kuwa ya ƙi, to tsohon dillancin ne ya dawo da sabuwar riga, ba tare da rumfar da ake iya zuwa a same shi ba.